Tsohon fim baƙi-da-fari ya fito fari fat bayan wankin juyi: ina matsalar take?

Wani ɗan'uwa daga Kano ya rubuto cewa ya sami gwangwanaye na fim ɗin 16mm, Kodak Tri-X mai lamba 7278, waɗanda ke ajiye tun shekarun 1990, haɗe da tankin wanke fim na LOMO. Ya ɗauki mita 15, ya yi musu wankin juyi, wato wankin da ke fito da hoton yadda ido ke ganinsa ba nagatif ba, da D-19 (dibelofar Kodak, ruwan da ke fito da hoto) da bilicin famanganet (ruwan da ke narkar da baƙar azurfa) don ya haska a majigi. Hoton ya fito a koɗe, babu baƙi na kirki, kuma a wasu wurare fatar fim ɗin ta saluɓe. A cikin kayan akwai gwangwani ɗaya da wani ya riga ya ɗauka tun da can, ba a wanke ba. Yana son sanin inda aka samu matsala, da abin da zai yi da sauran.

Ɗan'uwa, kafin komai ɗauko fim ɗin da ka wanke, ka ɗaga shi a taga, ka ƙyale hoton ka dubi gefe. Wato bakin fim ɗin inda ramukan nan suke, da siririn layin da ke raba hoto da hoto. Wannan wurin haske bai taɓa shi ba a cikin kyamara, don haka a wankin juyi ya kamata ya fito baƙi ƙirin. In ka tarar gefen baƙi ne sosai amma hoton ya koɗe, to haske ka ba shi da yawa wajen ɗauka, kuma gyaran mai sauƙi ne. In kuwa gefen ma toka-toka ne, kana hango yatsanka ta bayansa, to laifin ba na kyamara ba ne. Daga yadda ka kwatanta, na fi zaton na biyun za ka gani.

Dalilin yana cikin yadda wankin juyi yake aiki. Fatar fim jelatin ce da aka cakuɗa da ƙwayoyin gishirin azurfa. A wankin nagatif, dibelofa tana mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa, fiksa ta kwashe sauran, shi ke nan. A wankin juyi kuwa waɗancan sauran su ne hotonka. Dibelofa ta farko ta fito da nagatif, bilicin ya narkar da shi gaba ɗaya, a haska abin da ya rage da fitila, dibelofa ta biyu ta baƙanta shi. Kwano ɗaya ne, masu ci biyu: duk abin da ta farko ta ci, ta biyu ba za ta tarar da shi ba.

To fim ɗin da ya shekara 30 a ajiye, zafi da laima da raɗiyeshan na yanayi sun riga sun taɓa ƙwayoyinsa da yawa ba tare da haske ya shiga ba. Shi ne hazo. Dibelofa ba ta bambance ƙwayar da haske ya taɓa da wadda tsufa ya taɓa, duka baƙanta su take yi. A nagatif hazon yana zama a matsayin toka a ko'ina, kuma ana iya ratsa shi wajen bugawa ko sikanin. A juyi bilicin ne ke biyo baya ya share hazon tare da nagatif ɗin, ya tafi da azurfar da za ta zama inuwa da baƙin gashi da duhun ɗaki. Shi ya sa tsohon fim ke fitowa fari a juyi alhali a nagatif duhu yake yi. Mutane da yawa da suka ga haka sai su ƙara lokacin dibelofa ta biyu, ko su ƙara hasken fitila. Ba ya amfani, domin babu abin da ya rage da za a baƙanta. Duk maganar tana wurin dibelofa ta farko.

Ga kuma wani abin da ke rikita lissafin. Tsufa yana rage wa fim ƙarfin karɓar haske, kuma mai sauri kamar Tri-X, wanda lambar ƙarfinsa ta ISO take 200 a hasken rana yana sabo, ya fi mai jinkiri kamar Plus-X saurin lalacewa. Rashin ƙarfin yana neman ka ƙara lokacin wanki, hazon yana neman ka rage. Mafita ita ce ka biya bashin ƙarfin a cikin kyamara da ƙarin haske, ka bar wankin ya zama gajere kuma mai sanyi.

Kada ka sake sa mita 15 a tanki sai ka yi gwajin da zan gaya maka. Ba ya buƙatar kyamara ma.

A cikin duhu sosai ka yanko guntaye shida daga gwangwani ɗaya, kowanne kamar tsawon yatsa biyu a jere. Uku ka sa su a cikin abin da haske ba ya shiga. Sauran ukun ka fito da su haske su sha iya shansu. Sai ka haɗa su biyu-biyu, ɗaya mai haske ɗaya marar haske, ka gutsure kusurwa ko ka huda su don ka gane wanne ne wanne. Na farko ka ba su minti 4 a dibelofa ta farko, na biyu minti 6, na uku minti 8, duka a digiri 20, sannan ka bi da su sauran matakan gaba ɗaya har shanya. Ƙananan kofuna na roba sun isa, muddin ɗakin ya yi duhu har bilicin ya gama aikinsa.

Abin da kake nema: guntun da ya sha haske ya fito garau kamar gilashi, wanda bai sha ba ya fito baƙi. Lokaci mafi gajarta da mai hasken ya washe, shi ne lokacinka. Sannan ka dubi abokinsa. In ka kara shi a ƙwan lantarki kana ganin ƙwan dishi-dishi kawai, fim ɗinka yana da rai. In kuwa a minti 4 ɗin ma kana iya karanta rubutun jarida ta bayansa, hazon ya yi yawa, sai an shigo da magani. Kowane gwangwani da gwajinsa, domin biyu da aka saya rana ɗaya suna iya bambanta in ɗaya ya zauna a ƙasan akwati ɗaya kuma a jikin bangon da rana ke duka.

Magani na farko shi ne ragi, ba ƙari ba. Yawancin haɗin dibelofa ta farko ana zuba musu abin da ke narkar da gishirin azurfa kaɗan-kaɗan don fararen wurare su washe. Kodak ta yi amfani da tayosayanet a da, D-67 ma ba komai ba ce illa D-19 da aka ƙara wa giram 2 na fotasiyam tayosayanet a lita. Takardar wankin juyi ta kamfanin fim na Ilford kuma haifo take cewa a zuba, wato sodiyam tayosalfet, giram 8 zuwa 12 a lita gwargwadon fim. Waɗannan alƙaluman na sabon fim ne mai azurfa a cike. A tsohon fim wannan sinadarin yana ƙara cinye ɗan baƙin da ya rage. Ka fara da D-19 zalla. In fararen wurare sun ƙi washewa, sai ka riƙa ƙara haifo giram 1 ko 2 a lita kana gwadawa. Sau da yawa cire shi kaɗai ya isa ya dawo da baƙi.

Da yake Kodak ta daina sayar da D-19 a fakiti, ga haɗinta a lita 1: metol giram 2, sodiyam salfait giram 90, haidurokwinon giram 8, sodiyam kabonet mai ruwa ɗaya giram 52.5, fotasiyam buromaid giram 5. A narkar da su bi da bi yadda na jero, kowanne ya narke kafin na gaba. Wanda bai sami waɗannan ba, dibelofar takardar hoto kamar Ilford PQ Universal a haɗin kashi 1 nata da kashi 5 na ruwa, ko Dektol, za ta yi aikin, sai dai lokacin zai canza, gwajin guntaye ne zai nuna shi. Wadda ba za ta yi ba ita ce mai laushi irin D-76, hoton zai fito a mace.

Magani na biyu benzotirayazol. Shi ne ke danne hazo fiye da yadda yake danne hoto. Ka narkar da giram 1 a ruwan ɗumi mililita 100, don ba ya son narkewa a ruwan sanyi, ka ajiye a kwalba. Ka fara da mililita 5 a litar dibelofa, ka hau zuwa 10, zuwa 20 in ta kama. Kowane ƙari yana rage ƙarfin fim ɗin, don haka za ka biya da haske. In ba ka same shi ba, ƙarin giram 1 ko 2 na buromaid yana taimakawa, amma bai kai shi ba. Na uku shi ne sanyi: a digiri 18 hazo ya fi jinkirin tasowa. Ban cika son a yi ƙasa da haka sosai da D-19 ba, saboda haidurokwinon yana yin kasala in ruwa ya yi sanyi da yawa, sai bambancin fari da baƙi ya faɗi.

Bayan ka tsayar da wankin, sai ka koma kyamara. Ka sami wuri mai hasken da ba ya canzawa, da fuskar mutum, da farar riga, da inuwa mai duhu. Ka ɗauki kamar mita 1 da ma'aunin haske a kan ISO 200, wani a kan 100, wani 50, wani 25, kana rubuta lambar da manyan baƙi a takarda mutumin ya riƙe, domin bayan wanki ba za ka tuna ba. Ana yawan cewa a ƙara mataki ɗaya na haske, wato a ninka shi, ga kowace shekara 10. Wurin farawa ne kawai. Juyi ba ya yafe kuskuren haske yadda nagatif ke yafewa, rabin mataki ma ana ganinsa a bango, kuma in ka zarce fuskoki za su wanke su zama fari babu hanci babu ido.

Yanzu saluɓewar fata. Nan abubuwa biyu ne suka haɗu maka, famanganet da zafin ruwa.

Fim ɗinka na zamanin bilicin daikuromet ne. Haɗin Kodak na lokacin, R-9, giram 9.5 ne na fotasiyam daikuromet da mililita 12 na asid salfurik a lita, kuma ba ya gallaza wa jelatin. Sai a 2003, da aka fito da 7266 a madadin 7278, Kodak ta koma bilicin famanganet. Famanganet a cikin asid yana tausasa jelatin ƙwarai, tsohon fim kuma ba ya jurewa, musamman irin su ORWO na tsohuwar Jamus ta Gabas da Svema na Tarayyar Sobiyet, waɗanda ko da yatsa ka shafa suna jiƙe sai fatar ta biyo ka. Duk da haka ba zan ce ka koma daikuromet ba. Guba ne mai jawo ciwon daji, yana shiga ta fata da numfashi, kuma a gidan da yara ke yawo, ruwan wanki kuma kwata yake bi ya fita waje inda awaki da kaji ke sha, ban ga dalilin ajiye shi ba. Famanganet ɗin za a lallaɓa.

Haɗin Ilford shi ne giram 2 na famanganet a ruwa mililita 500 a kwalba ɗaya, mililita 10 na asid salfurik mai ƙarfi a ruwa mililita 490 a wata kwalbar, a gauraya su daidai lokacin da za a zuba. Ga tsohon fim ka rage famanganet ɗin zuwa giram 1, ka ƙara masa lokaci, ka riƙa juya faifan da fim ke naɗe a kai cikin tanki a hankali ba tsayawa. Kada ya wuce digiri 20, 18 ma ya fi. Lokacin kuma guntu ne zai gaya maka: ka jefa guntun da ya baƙanta a cikin kofin da ka zuba bilicin, da fitila a kunne, ka ga minti nawa baƙin ke ɗauka ya ɓace ƙaf, ka ƙara rabin wannan a kai, kada ka zarce. Kowane minti na banza a cikin bilicin fatar fim ce ke biyansa.

Akwai ƙananan abubuwa uku game da wannan ruwan da ke ɓata wa mutane aiki. Ƙwayoyin famanganet suna da taurin narkewa, kuma ruwan yana da duhun da ba za ka ga waɗanda suka kwanta a ƙasa ba. Ka jiƙa shi tun da wuri, ka girgiza, ka tace da takardar tace kofi ko ƙyalle mai tsabta, in ba haka ba kowace ƙwaya za ta bar ɗigo a hoto. Sannan da zarar ya haɗu da asid ya fara mutuwa, ba a ajiye shi don gobe, in ka ga ya juya daga shuɗi-ja zuwa ruwan ƙasa ya gama. Na ƙarshe, ruwan haɗin kada ya zama mai gishiri ko kulorin. Kuloraid yana mayar da azurfar da ake son narkarwa ta koma gishirin azurfa ta zauna a fim, dibelofa ta biyu ta sake baƙanta ta, hoton ya fito a dagule. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da tabbas. Ka sayi tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batirin mota ko na sola don bilicin da dibelofa, ɗauraya kuma ruwan gida ya isa in an tace.

Asid mai ƙarfi yana da wuyar samu kuma yana da haɗari. Sabon ruwan batir, wanda ba a taɓa zuba shi a batir ba, asid salfurik ne da aka riga aka sirka zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma kimanin mililita 40 nasa yana tsayawa a madadin mililita 10 na mai ƙarfin. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a cikin asid ba. Kada asid mai ƙarfi ya taɓa busasshen famanganet ko kusa, abin da suke haifarwa yana iya fashewa. Safar hannu, tabarau, taga a buɗe, kuma kwalaben da mazubin kada su sake komawa kicin.

Zafin ruwan kuwa, kai ka fi ni sanin yadda ruwan tankin saman rufi yake a Kano da azahar a watan Afrilu. Fim ɗin da ya fito daga bilicin mai digiri 20 aka sakar masa wannan ruwan, fatarsa za ta kumbura ta yamutse ko ta ɗaye nan take. Ina kyautata zaton a wurin ɗauraya taka ta saluɓe. Ka tanadi babbar kula cike da ruwa, ka sanyaya shi da ƙanƙarar da ke cikin leda ko gora don kada ta narke a ciki, ka jera duk kwalabenka a cikinta, ruwan ɗauraya ma daga nan za ka riƙa ɗiba. Daga ruwan farko har na ƙarshe kada bambancin ya wuce digiri 2. Ma'aunin zafi ya fi kowane sinadari muhimmanci a wannan aikin. Fiksa mai taurara fata tana da amfani wajen kare fim daga ƙarcewa daga baya, amma tana zuwa ne bayan bilicin ya riga ya yi ɓarnarsa. Lokacin hunturu da sassafe ruwa yakan sauko da kansa, shi ne lokacin da aikin ya fi sauƙi, sai dai ƙura ce za ta jira ka wurin shanya.

Sauran matakan ba su da rikici. Bayan dibelofa ta farko ka ɗauraye sosai, kamar minti 5 kana sauya ruwa, domin ragowarta tana kashe bilicin. Bayan bilicin ɗauraya ta minti 1, sannan ruwan sharewa, giram 25 na sodiyam metabaisalfait a lita, minti 2, shi ne ke cire dattin ruwan ƙasa da famanganet ke bari. Kada ka tsallake ɗaurayar da ke tsakaninsu, asid da metabaisalfait suna tayar da iska mai shaƙe maƙogwaro. Daga nan ka buɗe tanki. Fim ɗin zai kasance launin madara, kana ganin hoton a kwance fari-fari. In ka hango sauran baƙi ko toka mai ƙyalli a wani wuri, bilicin bai gama ba, ka mayar da shi yanzu, don bayan dibelofa ta biyu babu gyara. Ka nutsar da faifan a farar roba mai ruwa, ka haska da ƙwan lantarki mai ƙarfi daga nisan kamu biyu, kana juya shi sama da ƙasa, minti 2 kowane gefe. Ilford ta ce daƙiƙa 30 zuwa 60 a gaban ƙwai mai wat 100, amma wannan na fim ne a buɗe, wanda ke naɗe a faifai ya fi buƙata. Ɗan zarcewa ba ya cutarwa, gazawa ce ke barin baƙi marar ƙarfi. In an ɗauke wuta fitilar caji mai haske ta wadatar, rana kai tsaye ce kawai ban yarda da ita ba. Dibelofa ta biyu D-19 zalla, babu haifo babu benzotirayazol, minti 4 zuwa 5 har ta gama. Fiksa, ɗauraya ta minti 10, ɗigon Photo-Flo, mai hana tabon ruwa wajen bushewa, a ruwan ƙarshe.

Wasu suna tsallake fitila da dibelofa ta biyu su yi amfani da sodiyam haidurosalfait, farar hodar nan mai wari da masu rinin zamani ke haɗawa da soda. Tana baƙanta duk abin da ya rage ba tare da haske ba, kuma a Kano ba za ka sha wuyar samunta ba. Tana aiki, amma sai sabuwa, a haɗa a zuba nan take, kuma baƙinta yakan ja zuwa ruwan ƙasa. Ka bar ta sai ka kama hanyar fitila tukuna, don kada abubuwan da kake canzawa su yi maka yawa. Bilicin haidurojin ferokzaid da ruwan tsami da ake yayi kuma ɗumi yake so, kumfarsa tana tayar da ƙuraje a fatar tsohon fim, ba naka ba ne.

Tankin LOMO yana ɗaukar mita 15 a kowane hawa, gwangwanin ƙafa 100 kuwa mita 30 ne, don haka sai an raba shi biyu a duhu. Fatar tana kallon waje wajen naɗawa, faifan kuma ya bushe ƙayau. Ka yi ta gwada naɗin da fim ɗin nan da ya lalace, ido buɗe sannan ido rufe, har hannunka ya san ƙarar da yake yi in ya hau daidai. Inda fim ya tsallake layi ya manne da na kusa da shi, ruwa ba ya shiga, wurin zai fito da tabo launin madara. Wajen shanya ka zaɓi banɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ka rufe ƙofa da taga, ka naɗa fim ɗin a igiyoyi ko katako fatar tana waje, kuma ka bar shi sako-sako domin yana tsukewa in ya bushe.

Sai gwangwanin da aka riga aka ɗauka. Wannan kada ka yi masa wankin juyi.

Hoton da ya kwana a fim shekaru ba a wanke ba yana dusashewa, hazo kuma yana hawa kansa, ta yadda tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce ƙwarai. In ka wanke shi nagatif, hazon da hoton duka suna nan a fim, kuma na'urar sikanin da kwamfuta za su iya juya shi su ja wannan ƙaramar tazarar har fuska ta fito. In ka sa shi a bilicin, azurfar da ke ɗauke da hoton ta narke ta bi ruwa, abin da ya rage kuma ƙila bai kai a gani ba. Sabon ɗauka in ya lalace ka sake, wannan kuwa babu na biyunsa, kuma ba ka san ko su wa ke ciki ba. Ka yanko kamar kamu ɗaya daga ƙarshensa a duhu, ka wanke da dibelofar da ba ta cika tayar da hazo ba, HC-110 ta yi suna a nan, a digiri 18, da ɗan benzotirayazol, ka yi fiksa ka duba da gilashin ƙara girma. Daga abin da ka gani sai ka gyara lokacin, ka sake yankar wani guntun in da buƙata, kafin ka sa sauran. Tri-X yana karɓar wankin nagatif lafiya. Amma ka karanta jikin gwangwanin da kyau. In Fomapan R100 ne na ƙasar Cek, yana da shimfiɗar azurfa a ƙarƙashin fatarsa wadda bilicin ne kaɗai ke cire ta, in aka wanke shi nagatif duhu zai fito. In kuma Kodachrome ne, wankinsa na kala ya ƙare a duniya tun ƙarshen 2010, baƙi-da-fari kawai za a iya fitarwa, kuma yana da baƙin shafe a baya da sai an jiƙa an goge. Kowannensu hanyarsa daban.

Wannan hukuncin ya shafi sauran gwangwanayen ma. In ka cire haifo, ka sa benzotirayazol har mililita 20, ka sauko digiri 18, guntun da bai sha haske ba har yanzu toka ne, to wannan gwangwanin ya wuce majigi. Ka ɗauke shi a kan 50 ko 25, ka wanke nagatif, ka yi sikanin. Zai ba ka hoto mai tsakuwa-tsakuwa da mutane ke kashe kuɗi su kwaikwaya a kwamfuta. In kuma burinka lallai ka ga haske ya ratsa fim ya faɗa bango, ka sayi sabon Fomapan R100 ko Tri-X 7266 ko da guda ɗaya ne, ka wanke shi da ruwan da ka haɗa. Shi ne zai raba maka gardama tsakanin laifin hannunka da laifin tsufan fim, abin da tsohon fim kaɗai ba zai taɓa nuna maka ba.

Kafin ka sa kowanne a kyamara, ka buɗe gwangwanin a duhu ka sansana. Warin ruwan tsami mai hawa kai alama ce cewa robar fim ɗin, wadda asitet ce, ta fara ruɓewa. Irin wannan yana tsukewa, ramukansa su daina dacewa da haƙoran kyamara, ya cije ko ya yage a ciki, kuma iskar da yake fitarwa tana hanzarta lalacewar na kusa da shi, don haka ka ware shi daban. Ka kuma warware kamar mita 1 a hannu ka ji ko yana mannewa, domin wanda laima ta shiga yakan kama jikinsa. Masu lafiyar ka ɗaure su a leda biyu ka sa a firij in wutarku tana zama. In tana yawan ɗaukewa, sanyi da ɗumi a kai a kai suna tara raɓa a cikin gwangwani, gara ka nemi wuri mafi sanyi da bushewa a ɗaki, can ƙasa nesa da bangon yamma. Wanda ka fitar daga firij kuma ka bar shi a ledarsa sa'o'i kaɗan ya huce kafin ka buɗe.